Yadda Ake Auna Hanyoyin Karatun Jinya a Najeriya Kafin a Sayi Fom

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da fom, tambaya guda ce take yawo a gidajen da ake da yarinya ko yaron da ya ƙwallafa rai a kan aikin jinya: a nufi kwaleji ne ko a nufi jami'a? Ita ma nas ɗin da ta shekara 5 ko 10 tana kwana a ɗakin mata tana da irin tata tambayar, domin tana so ta san ko ta tafi kwas ɗin ƙwarewa na shekara guda ne, ko kuwa ta ɗaure ta shiga digirin da zai ci mata shekara 4. Mutane da yawa suna yanke wannan shawara ne bisa abin da ƙawa ta yi ko fom ɗin da ya fara fitowa, sai bayan shekaru su gane cewa takardar da suka wahala a kanta ba ita ce take buɗe ƙofar da suke so ba. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, a wannan sana'a lasisi daban ne, takardar karatu kuma daban, kuma kowanne da aikin da yake yi wa mai shi.

Lasisi yana fitowa ne daga majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda dokar 1979 ta haɗe ta wuri guda. Ita take amincewa da makarantu, ita take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, ita take shirya jarrabawar da mutum zai ci kafin a kira shi RN, wato nas mai rajista, ko RM, wato ungozoma mai rajista. Duk wanda ba shi da wannan rajista ba nas ba ne a idon doka, ko da yana riƙe da digiri, kuma lasisin ana sabunta shi duk bayan shekara 3 bayan an halarci bitar da majalisar ta wajabta. Takardar karatu kuwa, wato difloma ko digiri, tana ƙarƙashin wasu hukumomi ne, NBTE ga kwalejoji, NUC ga jami'o'i, kuma ita ce take nuna matakin albashin da za a ɗora mutum da iyakar inda ƙarin girma zai kai shi. Lasisi shi ke ba ka izinin tsayawa a kan marar lafiya, takarda kuma ita ke faɗin kujerar da za ka iya zama a kai bayan shekara 20.

Kafin a je ko'ina, akwai sharaɗi guda da ya hau kan kowa, shi ne kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce 2 ba. Wanda bai cika wannan ba, gara ya koma ya gyara sakamakonsa da ya biya kuɗi ga mai cewa zai shigar da shi ta bayan gida, domin ranar da makaranta za ta miƙa sunayen ɗalibai ga majalisa don a ba su lambar rajistar ɗalibta, a nan ake tsame duk wanda takardarsa ba ta cika ba. Haka kuma a bambance aikin jinya da karatun kiwon lafiyar al'umma na CHEW da JCHEW. Wannan sana'a ce mai daraja wadda ita ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, amma hukumarta daban ce, kuma takardarta ba ta mayar da mutum nas. Abin da wasu asibitocin kuɗi suke kira horon mataimakan nas kuwa, majalisa ba ta san da shi ba sam.

Hanyar kwaleji

Tsohuwar hanyar da iyayenmu da yayyenmu suka bi ita ce makarantar jinya ta shekara 3 da ke jingine da asibiti, inda ake fara watanni 6 na gwaji a sallami waɗanda suka gaza, sauran kuma su gama su zana jarrabawar majalisa su fito da RN. Akwai takwararta ta ungozoma, ita ma shekara 3, mai ba da RM. Wannan hanya ta yaye ƙwararrun hannu, domin ɗalibi tun a shekarar farko yake gyaran gado, yana auna zafin jiki da bugun jini, yana tsaye a bayan sista ana wanke rauni. Rauninta guda ɗaya ne, amma babba: mutum yana fita da lasisi ba tare da takardar karatun da tsarin ilimin ƙasa ya sani da sunan difloma ko digiri ba.

Wannan giɓi ne ya sa aka mayar da makarantun zuwa kwalejojin kimiyyar jinya masu tsarin ND da HND, shekara 2 na ƙaramar difloma da shekara 2 na babba, ana kuma shiga ta hanyar JAMB. A cikin shekarun 4 ɗalibi yake zana jarrabawar zama nas, sannan a ƙarshe ya ƙara da ta ungozoma ko ta nas ɗin lafiyar al'umma, gwargwadon abin da kwalejin ta samu izinin koyarwa. Mai sayen fom ya tambaya ƙarara wane tsari kwalejin take kai, domin ba dukkansu suka sauya a lokaci ɗaya ba, kuma ya sani cewa wanda ya tsaya a ND bai zama nas ba tukuna.

Amfanin kwaleji ga talaka a fili yake. Kowace jiha a Arewa tana da tata, kuɗin makarantar gwamnati ya fi sauƙi, yarinya tana iya karatu kusa da gida, kuma yajin aikin malaman jami'a ba ya shafar ta. Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne ga wanda ya tuna cewa a 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Akwai kuma gajeriyar hanya ta shekara 2, ta nas ko ungozomar karkara, wadda aka tsara don ƙauyukan da ba sa samun ma'aikata, inda ƙaramar hukuma ko al'umma take tura 'yarta ta dawo ta yi mata aiki. Ga yarinyar da iyayenta ko mijinta ba za su amince da tafiya mai tsawo ba, wannan ƙofa ce ta gaske, kuma shirin Women for Health da ya yi aiki a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe tun daga 2012 ya nuna cewa 'yan matan karkara suna iya wannan karatu idan aka ba su shekarar share fage. Sai dai lasisin wannan hanya yana da iyaka, don haka a ɗauke ta a matsayin matakin farko, a kuma shiga da niyyar ƙarawa.

Hanyar jami'a

Digirin jinya, BNSc, shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB da Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da jinya a matakin digiri a 1965, yanzu kuma ana samunsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Maiduguri da wasu da dama. Ɗalibin jami'a ma sai ya zana jarrabawar majalisa a shekarunsa na ƙarshe, yawanci ta RN da farko sannan ta RM, domin digirin kaɗai ba ya ba shi izinin aiki. Bayan ya gama akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, sannan shekarar hidimar ƙasa ga wanda bai haura shekara 30 ba. Ke nan daga ranar shiga zuwa ranar neman aiki na dindindin shekara 7 ne, idan ba a yi yajin aiki ba kuma aka samu gurbin sanin makamar aiki da wuri, abin da ba kullum yake samuwa ba.

To me mutum yake saya da waɗannan shekaru? A tsarin aikin gwamnatin tarayya, mai digiri yana farawa a matakin albashi da ya fi na mai RN kaɗai, kuma hanyarsa a buɗe take har zuwa darakta a mataki na 17, alhali wanda ba shi da digiri yakan tsaya a mataki na 14. Jihohi suna da ɗan bambanci wajen aiwatarwa, amma alƙiblar guda ce. Na san wata matiron da ta yi shekara fiye da 25 tana aiki, tana riƙe da RN da RM da takardun ƙwarewa guda 2, wadda idan jijiyar jariri ta ɓuya ita ake aikawa a kira ko da ƙarfe 3 na dare ne, ta zo ta ɗaura ɗan siririn roba a damtsen yaron, ta shafa bayan hannunsa da babban yatsa, ta sa allurar sau ɗaya. Da aka zo naɗa mataimakiyar darakta, yarinyar da ita ta koya wa ɗaura ruwa aka ba, domin ita ce mai digiri. Ba wanda ya zalunce ta a bisa ƙa'ida, amma ba wanda ya zaunar da ita tana da shekara 30 ya faɗa mata cewa takardun da take tarawa suna faɗaɗa mata hannu ne, ba sa ɗaga mata rufin da ke kanta.

Saboda haka ra'ayina shi ne, duk wanda yake da makin shiga jami'a, gidansu kuma zai iya ɗaukar nauyinsa shekara 5 ba tare da an sayar da gona ba, ya tafi jami'a kai tsaye. Wanda makinsa bai kai ba, ko gida yana jiran albashinsa, kada ya zauna shekara 3 yana maimaita JAMB saboda sunan jami'a, domin guraben jinya a jami'o'in gwamnati kaɗan ne, masu nema kuma dubbai ne. Ya shiga kwaleji, ya karɓi lasisi, ya fara aiki, amma ya rubuta a ransa shekarar da zai koma neman digiri. Ga wanda kuɗi ne matsalarsa, asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana karɓar ɗaliban manyan makarantun gwamnati, don haka ya duba ko makarantarsa tana cikin jerin.

Ga wanda ya riga ya zama nas

A nan ne lissafin ya fi wuya, domin mai tambayar yanzu yana da albashi, yana da iyali, yana kuma da jadawalin aikin safe da na yamma da na dare. Hanyoyi biyu ne a gabansa, kuma ba abu guda suke ba shi ba.

Ta farko ita ce kwas ɗin ƙwarewa, wanda yake ɗaukar wata 12 zuwa 18. Ungozoma ga mai RN wata 18 ne. Jinyar ƙashi ana koyon ta a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, jinyar kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kunne ta Ƙasa ita ma a Kaduna, jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Asibitocin koyarwa kuma suna da na ɗakin tiyata, na allurar barci, na ƙananan yara, na agajin gaggawa, na wankin ƙoda da na ɗakin kulawa ta musamman. Yawancinsu suna neman mutum ya yi aiki shekara 1 ko 2 kafin ya nema. Wannan hanya tana da sauri, tana sa a riƙa neman mutum, musamman a fannoni irin allurar barci inda manyan asibitocin ƙananan hukumomi da yawa suka dogara ga nas saboda ƙarancin likitocin fannin. Shawarata ita ce a yi guda ɗaya, a fannin da mutum yake son ya tsufa a cikinsa. Ga mace mai aiki a Arewa, ungozoma ta fi kowanne saurin amfani, domin da wuya a tura ta asibitin da ba a awo da karɓar haihuwa. Amma kwas na biyu da na uku, in ba asibitin ne ya tura mutum da cikakken albashi don wata buƙata ba, lokacinsu ya fi dacewa a zuba shi a digiri.

Ta biyu ita ce digirin kansa. Mai RN yana shiga aji 2 ta fom ɗin shiga kai tsaye, ya yi shekara 4. Idan aka haɗa, wanda ya yi RN shekara 3, ya ƙara ungozoma shekara 1 da rabi, sannan ya yi digiri shekara 4, ya kashe shekara 8 da rabi a aji don isa inda ɗan jami'a ya isa a shekara 5. Bambancin shi ne mafi yawan waɗannan shekaru yana cin albashi, kuma shekarunsa na aiki suna tafiya. Wanda ba zai iya barin aiki ba yana da zaɓin karatu daga nesa, kamar na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da na cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suke karɓar masu rajista kaɗai. Kada a ɗauka wannan hanya hutu ce. Na ga nas a teburin ɗakin maza da ƙarfe 2 na dare, ta gama zagayen magani, ta jingina waya da kwalin safar hannu, kunne ɗaya da abin sauraro tana bin darasin da aka naɗa, ɗaya kunnen a sake saboda dattijon gado na 6 da ruwansa ya kusa ƙarewa. Haka ake yin wannan digiri, zango bayan zango, kuma akwai makonnin da dole a je makaranta da kai don jarrabawa da aikin asibiti, waɗanda sai an tsara su da shugabar ɗaki tun kafin a fitar da jadawalin wata.

Ko wace hanya aka zaɓa, a nemi izinin karatu a rubuce daga ma'aikata kafin a biya kuɗin rajista. Ma'aikata da yawa sun gama digiri a ɓoye, suka kawo takarda, aka ce ba a san da tafiyarsu ba, aka ƙi sauya musu layin aiki. A karanta takardar alkawarin da za a sa wa hannu, a san shekara nawa za a yi wa gwamnati aiki bayan an dawo, a kuma tambayi ofishin ma'aikata yadda ake mayar da mutum layin masu digiri, domin a wasu wuraren sai da gurbi, kuma sauyin yana iya taɓa matsayin da mutum ya riga ya taka.

Mai HND da yake hangen digiri na biyu ya bincika tun da wuri, domin jami'o'i ba su da matsaya ɗaya a kansa: wasu suna neman ya fara yin diflomar share fagen digiri na biyu, wasu kuma BNSc kawai suke karɓa. Digiri na biyu da na uku su ne hanyar wanda yake son koyarwa a jami'a ko bincike, kuma mai son koyarwa a kwaleji zai buƙaci takardar koyarwa a kan digirinsa. Ga wanda ya fi son ya zurfafa a aikin asibiti, akwai kwalejin ƙwararrun nas da ungozoma ta Afirka ta Yamma mai ba da shaidar zama cikakken mambanta bayan horo da jarrabawa.

Batun ƙasar waje da makarantun da ba a amince da su ba

Wanda yake da niyyar aiki a waje ya sa wannan a lissafinsa tun yanzu. Ingila tana neman jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, da jarrabawar kwamfuta, da ta nuna aiki da hannu bayan an isa can. Amurka tana neman jarrabawar lasisi ta NCLEX. Saudiyya, wadda 'yan Arewa da yawa suka fi karkata gare ta, tana tantance takardu sannan ta rarraba ma'aikata aji-aji, inda mai difloma yake faɗawa ajin ƙasa da na mai digiri, albashinsu kuma ya bambanta. Dukkansu sai majalisar NMCN ta tabbatar musu da rajistar mutum, kuma ƙa'idojin wannan tabbatarwa sun sauya a 2024 har aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansu, don haka a karanta na ranar da za a nema.

Wanda kuma zai fita waje ya yi karatun, ko Nijar ne ko Masar ko Indiya ko Uganda, ya sani cewa idan ya dawo sai an tantance takardarsa, ya yi horon daidaitawa a makarantar da majalisa ta tura shi, sannan ya ci jarrabawarta kafin a ba shi lasisi. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Benin da Togo, ɗalibai da yawa kuma suka rasa tudun dafawa bayan iyayensu sun kashe dukiya.

A cikin gida ma haɗarin yana nan, domin makarantu masu zaman kansu sun yawaita, wasu da cikakken izini, wasu da allo da fenti kawai. Kafin a biya ko sisi, a buɗe shafin intanet na NMCN a nemi sunan makarantar a jerin waɗanda aka amince da su, a kuma tabbatar cewa kwas ɗin da ake nema shi kansa yana cikin izinin, domin makaranta tana iya samun izinin ungozoma ba ta da na jinya. Idan jami'a ce a duba NUC, idan kwaleji ce a duba NBTE. Sannan a je makarantar da ƙafa, a tambayi magatakarda ɗalibai nawa majalisa ta ware musu a shekara, a kwatanta da yawan waɗanda ke zaune a ajin farko. Idan an ware musu 100 amma aka tarar da 300 a aji, to 200 daga cikinsu ba za su samu lambar rajista a wannan shekara ba. A ƙarshe a nemi ɗaliban ajin ƙarshe a wajen ofis, a tambaye su ko an ba su lambarsu, a wane asibiti suke zuwa koyon aiki, da kuma mutum nawa ne suka ci jarrabawar majalisa a zaman da ya wuce.